Waƙar Waye? Yadda Maganar Haƙƙin Mallaka Ta Taso Daga Gangar Noma Har Ta Iso Fodkas



Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya da dabarun rage cin data, mu waiwaya baya, domin matsalar da ke damun masu fara fodkas a yanzu tushenta ya girmi intanet nesa ba kusa ba.

Ka ɗauka kai matashi ne a Gezawa, ko Jogana, ko Tsamiya Babba. Kana da wayarka da ɗan makirfon nan na maƙalawa a riga. Ka fara fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet mutum ya saurara lokacin da ya ga dama, kuma kan noma kake yinsa: farashin taki, irin geron da ke nuna da wuri, yadda kasuwar gyaɗa ta kaya a bana. Don shirin ya yi armashi sai ka buɗe shi da muryar Shata, daƙiƙa talatin kacal. Ka ɗora a YouTube da Facebook. Kafin ka sha ruwa saƙo ya shigo: an kashe sautin wurin, ko kuma an ce kuɗin tallan da bidiyon zai kawo na wani kamfani ne da ba ka taɓa jin sunansa ba. Sai ranka ya ɓaci. Shata ya rasu tun 1999, waƙar tana wayar kowa, kai ma a shagon caji aka tura maka. To waye mai ita?

Bari mu fara daga gona. A ƙasar Gezawa, inda gona ta haɗe da gona har ba ka ganin daji a tsakani, kakanninmu sun san kiɗa a matsayin aiki. Ranar gayya mai gangar noma yana bin samari kunya-kunya yana zuga su, yana kiran taken kowa. Da yamma a sallame shi, ko da kuɗi, ko da riga, ko a yi masa alƙawarin dami in kaka ta yi. Shi ke nan ciniki ya ƙare. Waƙar ta tafi da iskar ranar, wanda yake son ya sake ji sai ya sake kiran makaɗin. Ba wai babu mallaka ba ne fa. Kowa ya san taken wane na wane ne, kuma makaɗin da ya ɗauki waƙar wani ya ce tasa ce, kunya za ta ishe shi a gari.

A fada ma haka abin yake, sai dai ya fi tsari. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi. Makaɗi yana da ubangida, ubangida ke ci da shi, ya ba shi doki da riga da gona, daga baya zamani ya kawo mota da kujerar Makka. Ku lura da wani abu a harshenmu. In aka ce "waƙar Shata", ana nufin wadda ya yi. In aka ce "waƙar Sarkin Daura", ana nufin wadda aka yi masa. Lafazi ɗaya ne ga mai yi da wanda aka yi wa, kuma a tunanin mutanen da duk su biyun suna da rabo a cikinta. Har yau wannan na rikita mutane: ɗan siyasa ko attajirin da ya biya aka yi masa waƙa yana ganin ya saye ta ke nan har abada, alhali a doka, in ba a rubuta an sayar masa ba, haƙƙin yana nan a hannun mawaƙin.

Dokar kuwa ta riga na'urar isowa. Ingila ta yi dokarta ta farko kan haƙƙin marubuta a 1710, ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Berne a 1886 don kowa ya kare ayyukan ɗan'uwansa. Dokar Ingila ta 1911 kuma aka shimfiɗo ta kan Najeriya a 1912, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano. Manomin Gezawa ya san da zuwan jirgi, don ya ga kuɗin gyaɗa a hannunsa. Dokar kam ko labarinta bai ji ba, kuma ba abin da ta taɓa a rayuwarsa.

Abin da ya canza komai shi ne ranar da murya ta rabu da mai ita. Garmaho ya shigo, aka kafa rediyo mai waya a Kano a 1944, gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962. Yanzu Shata yana iya kwana a Funtuwa muryarsa tana tashi a rumfar mai shayi a Gezawa. Makaɗan wancan lokaci ba su ɗauki wannan a matsayin asara ba, ɗaukaka ce a wurinsu, don wanda aka ji a rediyo shi ake gayyata biki. Waƙoƙi masu ɗimbin yawa na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya a gidajen rediyo aka naɗe su, wasu kuma kamfanoni irin su EMI suka buga a faifai. A nan ne aka haifi abin da yake kama masu fodkas a yau, don haka ku riƙe shi da kyau. Duk waƙar da aka naɗa ta zama abu biyu. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin da mawaƙi ya ƙirƙira. Akwai kuma naɗin, wato wannan sautin da aka kama a faifai ko a zare a rana kaza, wanda doka ke ba wanda ya ɗauki nauyin naɗawar. Mai na farko daban, mai na biyu sau da yawa daban.

Sai kaset ya zo a shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya sa rikoda ta shiga gidaje har ƙauye. Faifan garmaho sai masana'anta ke buga shi. Kaset kuwa duk mai rikoda biyu ya zama masana'anta. A kasuwannin ƙauye mai kaset zai baje tebur, ka zaɓi waƙoƙin da kake so ya haɗa maka, ko kwabo ba ya isa ga mawaƙin. Najeriya ta yi dokarta ta kanta a 1970, amma ba ta da haƙora, babu ma hukumar da za ta bi ta. Mawaƙan Legas ne suka fi jin zafin abin, don su da sayar da faifai suke ci. Ƙungiyarsu ta PMAN ta fito zanga-zanga a ƙarshen 1987, kuma a watan Disambar 1988 gwamnatin Janar Babangida ta fitar da Doka ta 47. Ita ta haifar da majalisar kula da haƙƙin mallaka a 1989, wadda ta zama hukumar NCC a 1996. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993. Wani abin sha'awa, a wannan watan na Disambar 1988 ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin mai ƙirƙira da na marubuci dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a taɓa ta ba. Na kawo wannan ne saboda masu cewa wai abin duk na Turawa ne.

A Kano dai doka tana takarda, kasuwa tana nata tsarin. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 harkar finafinan Hausa ta buɗe, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kaset. Wani masani, Brian Larkin, ya zauna a Kano ya yi bincike a kan wannan, ya fitar da littafi a 2008, kuma ya bayyana wata dabara da ni dai take burge ni. Furodusa ba ya iya hana kowa kwafar kaset, to sai ya daina wahalar da kansa. Ya kai wa 'yan kasuwa uwar kaset su yi ta kwafa, shi kuma ya buga kwalaye ya sayar musu. Kaset ɗin da ke cikin kwalin furodusa shi ne na halak, wanda ba shi da kwali na sata ne. Wato haƙƙin mallaka ya tashi daga kan sauti da hoto ya koma kan kwali, abin da ake iya ƙirgawa da hannu. Babu lauya, babu kotu, amana ce kawai da sanin juna.

A wannan zamanin ne kuma waƙoƙin fiyano suka mamaye gari. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga karin waƙoƙin finafinan farko daga finafinan Indiya aka ɗauko su, aka ɗora musu baitocin Hausa, ba wanda ya nemi izinin kowa a Bombay. Mu ma mun ci na wasu. A situdiyo kuma mutum uku ko huɗu ne ke haɗuwa kan waƙa ɗaya: wanda ya rubuta, wanda ya rera, mai kiɗa, da furodusan fim da ya biya kuɗin zama. Galibi ba takarda. Shi ya sa yau in ka tashi neman izinin wata tsohuwar waƙar fim za ka iya samun mutum uku kowa yana rantsuwa tasa ce, kuma kowannensu yana da 'yar gaskiyarsa.

Kwali ya yi aiki har zuwa ranar da waƙa ta daina buƙatar kwali. Sidi ya zo ya wuce da sauri, sai memori da bulutut, sai masu tura waƙa da kwamfutarsu a Farm Centre da Bata da kowace tasha har zuwa Gezawa, sai Xender da WhatsApp. Kasuwar kaset ta mutu murus. Mawaƙa suka koma inda kakanninsu suka fito: biki, da siyasa, da ubangida. Waƙa ta zama talla, a sake ta kyauta don a san ka a gayyace ka. Mu da muka taso a wannan tsakanin, a haka muka san waƙa, abu ne da ake turawa kamar gaisuwa. To shi ya sa saƙon YouTube yake zo mana kamar zalunci.

Amma yayin da muke tura waƙa a shagon caji, duniya tana gina wani sabon kwali wanda ido ba ya gani. A 2007 YouTube ya ƙaddamar da Content ID. Yadda yake aiki: mai waƙa ya ba su sautinsa, na'ura ta ɗauki wani abu kamar zanen yatsan sautin ta ajiye, duk abin da aka ɗora sai ta gwada shi da abin da ke rumbunta. In ya dace, mai waƙar ke zaɓa: a toshe, ko a bari ya kwashi kuɗin talla, ko a bari kawai yana kallon alƙaluma. Facebook ma yana da irin nasa. Boomplay ya fara a 2015 a wayoyin Tecno, Spotify ya shigo Najeriya a 2021, mawaƙanmu na yanzu suka gane cewa sauraro kansa kuɗi ne, suka riƙa ba kamfanonin rarraba waƙa ayyukansu. Sunan baƙon kamfanin da ka gani a saƙon nan, yawanci irin waɗannan masu rarrabawa ne. Wani lokaci da izinin mawaƙi ko magadansa suke aiki. Wani lokaci kuwa wani ne can ya kwashi tsofaffin waƙoƙi ya ɗora da sunansa, iyalan mai waƙar ba su ma sani ba. Na'ura ba ta san gaskiya ba, wanda ya riga kai mata sauti ta sani.

A gefe guda akwai ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadin mawaƙa daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal. MCSN ta kafu a 1984. A 2010 NCC ta ba COSON lasisi ita kaɗai, aka yi ta shari'a shekara da shekaru, a 2017 aka amince da MCSN, a 2018 kuma aka dakatar da lasisin COSON bayan rikicin shugabanci. Kada ku ɗauka wasa ne: a 2018 babbar kotun tarayya a Legas ta umarci Multichoice, masu DStv, su biya MCSN kimanin naira biliyan 5.9 kan amfani da waƙoƙi ba izini, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020. A Nijar hukumar BNDA ce ke wannan aiki, ga mai son waƙar mawaƙan Maraɗi ko Damagaram.

Shi fodkas, sunan ma a 2004 ya fara fitowa a jaridar Guardian ta Ingila, Apple ya saka shi a iTunes a 2005. Mutane na cewa ai rediyo ne na intanet, to me ya sa gidan rediyo zai sa waƙa ni a hana ni? Bambancin shi ne rediyo watsawa yake, ka ji ya wuce, kuma akwai lasisin shekara da doka ta ɗora masa ya biya. Fodkas kuwa fayil ne. Ka kwafi waƙar ka dasa ta cikin shirinka, duk wanda ya sauke ya tafi da kwafi a wayarsa. A idon doka ka fi kusa da mai teburin kaset fiye da gidan rediyo. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta fito da maganar intanet ƙarara: ɗora aikin wani inda jama'a za su same shi lokacin da suka so haƙƙin mai aikin ne, kuma yana iya aika takarda a sauke abin da aka ɗora ba izininsa.

Yanzu mu koma kan Shata mu yi lissafi. A dokar Najeriya waƙa tana da kariya tsawon ran mai ita, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Naɗi kuma shekara 50 ne daga fitowarsa. Shata ya rasu a 1999, ke nan baitocinsa da karinsa na magadansa ne har ƙarshen 2069. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, nasa sai ƙarshen 2061. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, sai ƙarshen 2085. Faifan da ya fito a 1970 naɗinsa ya fita daga kariya a nan gida tun ƙarshen 2020, amma waƙar da ke cikinsa tana nan daram, kuma wasu ƙasashen da shirinka zai isa wa'adinsu na naɗi ya fi namu tsawo. Ko waƙoƙin gaɗa da na daɓe da ba a san wanda ya fara su ba, doka ta sa su ƙarƙashin kulawar NCC in za a fitar da su daga muhallinsu a yi kasuwanci da su.

Akwai maganganu da ke yawo da ya kamata mu binne su. Wai in bai wuce daƙiƙa talatin ba babu laifi: babu wannan a dokar Najeriya. Wai ka rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyo: wannan amsa laifi ne da hannunka. Wai ai na biya Boomplay: kuɗin sauraro ka biya. Waƙoƙin da Facebook da TikTok ke ba ka ka ɗora a kan bidiyo ma izininsu a cikin manhajar ya tsaya, ba ya bin ka zuwa fodkas. Abin da doka ta yi wa sassauci shi ne amfani na adalci don sharhi, ko nazari, ko ba da labari. In shirinka kan Shata ne kansa, ka sa ɗan guntun da kake fashin baƙi a kai, ka faɗi mai shi, kana da hujjar kare kanka, ko da yake na'ura za ta iya kama ka tukuna sai ka ɗaukaka ƙara. In kuwa ado ka yi da waƙar a farkon shirin taki, ba ka da wannan hujja. Ku kuma bambanta saƙon Content ID da gargaɗin da ke biyo bayan ƙorafin mai waƙa. Na farko ba ya kashe tasha. Na biyu in ya kai uku cikin kwana 90, YouTube na iya rufe tashar gaba ɗaya da duk wahalar da ka sha.

To yaya ake neman izinin? Ga mawaƙin da yake raye, abin ya fi sauƙi a wurinmu fiye da Turai, don mawaƙanmu ana samunsu, yawanci lambar manajansu tana shafinsu. Tambayar farko: waye mai waƙar, waye mai naɗin? In mutum ɗaya ne, ka huta. In waƙar fim ce, ka nemi furodusa ma. In mawaƙin ya rasu, magada za ka nema, kuma ka tabbatar wanda kake magana da shi yana da yawun sauran, kada ka biya ɗa ɗaya gobe wani ya taso. In mawaƙin ɗan wata ƙungiyar karɓar kuɗi ce, ka tambaye su a rubuce ko lasisinsu ya haɗa da fodkas da ake saukewa, ko watsawa kawai ya rufe. Doka ta yarda da izinin baka in ba kai kaɗai aka keɓe wa waƙar ba, amma saye ko keɓewa dole sai a rubuce. Ni dai shawarata ko kyauta aka ba ka a rubuta, domin YouTube ba ya jin "wallahi ya ce min in sa". Takardar ta faɗi sunan waƙar, wane wuri za ka yanka da tsawonsa, a waɗanne manhajoji, na shekara nawa, nawa ka biya, da ko an yarda ka sa talla a shirin. Sannan ka roƙi mawaƙin ya sa kamfanin da ke rarraba masa ya cire tasharka daga jerin waɗanda na'ura ke kamawa. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su biya kuɗi kuma a ci gaba da toshe su.

In aljihu bai kai ba, akwai rumbun sauti na kyauta a cikin YouTube Studio, akwai kuma waƙoƙi masu lasisin Creative Commons. Sai dai ka karanta sharaɗin kowace: mai alamar BY tana so ka ambaci mai ita, mai NC ba a sa ta a shirin da ke kawo kuɗi.

Amma da ni ne mai shirin noma a Gezawa, ba zan je ko'ina ba. Zan nemi mai gangar noma ko mai kalangu a cikin garinmu ko Wangara ko Babawa, in ce ya yi wa shirin take nasa na kansa. Mu shiga ɗaki mai labule da katifa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, in ajiye waya kamar taku biyu daga gangar, mu ɗauka sau uku in zaɓi mafi kyau. Tunda ni na ɗauki nauyin naɗin, naɗin nawa ne. Taken kuma nasa ne, sai mu rubuta a takarda ɗaya da Hausa cewa ya ba ni izinin amfani da shi a shirin da tallansa a kowace manhaja, ga abin da na biya, ga kwanan wata. Ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi, in ɗauki hotonta in ajiye a Google Drive. Kuma duk ƙarshen shiri in faɗi sunansa da garinsu, don mai biki da ya ji ya san inda zai same shi.